RA'AYINMU: AFUWA DA HUKUNCI, KOWANNE DA MAI SHI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai karɓar tuban wanda ya komo gare Shi, Mai tsananin kamu ga wanda ya dage a kan zalunci. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da masu wa'azinmu suke yawan cin karo da ita a garuruwan bakin iyaka, musamman a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. Maganar kuwa ita ce wadda maƙwabtanmu Kirista suke faɗa idan zance ya biyo ta kan addini, cewa su addininsu na gafara ne, an hore su da yafe wa wanda ya cuce su, an kuma hana su yanke wa kowa hukunci, alhali Musulunci, a ganinsu, addinin haddi ne da ƙisasi da sa ido a kan mutane. Maganar ba ta tsaya a bakinsu ba. Yau sai ka yi wa saurayi Musulmi nasiha a kan wasa da salla ko cin riba, ya kada baki ya ce maka kada ka yanke masa hukunci, Allah ne kaɗai Ya san na kirki. A ɗaya gefen kuma ga wasu mutane riƙe da bindigogi a dazuzzukan da ke tsakaninmu da Jamhuriyar Benin da Nijar, sun naɗa kansu alƙalai a kan jini da dukiyar bayin Allah, suna kiran abin da suke yi addini. Tsakanin mai cewa babu hukunci sam da mai hukunta kowa da bakin bindiga, talaka ya rasa inda zai dafa. Wannan ne ya sa muka ga ya wajaba mu keɓe shafin wannan wata ga mas'alar.

Wanda bai san yankin ba yana iya zaton cewa wannan muhawara ta mutanen birni ce. To, ya sani cewa ƙasar Bagudo mahaɗa ce tun fil azal. Kogin Kwara ya ratsa ta, garuruwa irin su Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya sun daɗe da sanin baƙo, kuma iyakar da ta raba su da Segbana da Malanbil da Kandi ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898, wadda ta tsaga ƙasar Bargu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransawa, Busa ta faɗa hannun Ingilishi. Dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu: Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Dandawa da Busawa da Kengawa. Musulmi ne suka fi yawa nan da can, amma Kirista suna nan tare da mu, daga ma'aikatan kwastan da na shige da fice, da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, har zuwa 'yan kasuwa da direbobi, kuma garin Kandi yana da bishop na ɗarikar Katolika tun 1994. Muna cin kasuwa ɗaya, muna shiga kwalekwale ɗaya, muna bin juna bashi. Inda ake wannan cuɗanya kuwa dole a ɓata wa juna, dole kuma a tambayi wa zai yafe, wa zai hukunta.

ABIN DA KE CIKIN LITTAFINSU

Allah Ya umurce mu a Suratul Ma'ida, aya ta 8, da kada ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci, Ya kuma hore mu a Suratul Ankabut, aya ta 46, da yin jayayya da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau. Farkon adalci a muhawara shi ne ka faɗi maganar abokin jayayyarka yadda shi kansa zai amince cewa tasa ce. Littafinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne a gare mu, domin an kammala fassara shi da Hausa tun 1932.

A cikin Linjilar Matiyu da ke hannunsu, babi na 7, an ruwaito cewa Annabi Isa (A.S.) ya gargaɗi almajiransa game da ɗora wa mutane laifi, ya sanar da su cewa mudun da mutum ya auna wa wani da shi za a auna masa, ya kuma buga misali da mai hangen ɗan haki a idon ɗan'uwansa alhali gungume na cikin nasa. A babi na 6, cikin addu'ar da kowane Kirista ya haddace, an ɗaure gafarar Ubangiji da yafewar bawa ga waɗanda suka yi masa laifi. A babi na 18 Bitrus ya tambaya ko yafewa sau 7 ta isa, aka amsa masa da adadin da ya ninka wannan nesa ba kusa ba, sa'an nan aka kawo labarin wani bara da sarki ya yafe masa bashin talanti 10,000, shi kuma ya fita ya shaƙe abokin aikinsa a kan dinari 100. Masanansu sun ce dinari ɗaya ladan aikin yini ne, talanti ɗaya kuwa ya kai dinari 6,000, saboda haka mai karatu zai iya ƙiyasta nisan da ke tsakanin abin da aka yafe masa da abin da ya ƙi yafewa.

Ba mu da dalilin jin nauyin faɗar cewa akwai hikima a cikin waɗannan. Allah da kanSa Ya ba da labari a Suratul Hadid, aya ta 27, cewa Ya sanya tausayi da jinƙai a zukatan waɗanda suka bi Annabi Isa (A.S.). Ma'anar haki da gungume kuwa tana nan a Suratul Baƙara, aya ta 44, inda aka zargi masu umurtar mutane da alheri suna mantawa da kawunansu, kuma Bahaushe ya riga ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Amma fa littafin bai ƙare a inda ake tsayawa da karatunsa a kasuwa ba. A cikin wannan babi na 18 ɗin dai an tsara yadda za a yi da ɗan'uwan da ya yi laifi: a same shi a kaɗaice, in ya ƙi a zo da shaida ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai shi gaban jama'a, in ya ƙi a ɗauke shi bare. A Linjilar Luka, babi na 17, an gabatar da tsawatarwa a kan yafewa, aka kuma ambaci tuba a tsakaninsu. A Linjilar Yohanna, babi na 7, aya ta 24, an yi umurni da yin hukunci na gaskiya. Bulus, a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korantiyawa, babi na 5, ya umurci jama'arsa su fitar da wani mai alfasha daga cikinsu, a wasiƙarsa ga Romawa kuma, babi na 13, ya tabbatar wa mai mulki ikon hukunta mai mugun aiki. Hatta labarin matar da aka kama da zina, wanda ake yawan kafa hujja da shi, masanan Kirista da kansu sun bayyana cewa babu shi a cikin kwafe-kwafen Girkanci mafi daɗewa, irin su na Sina'i da na Fatikan waɗanda aka rubuta a ƙarni na 4, kuma ko a cikinsa an sallami matar ne da gargaɗin kada ta koma ga zunubi.

Aikin manyansu ma ya nuna haka suka fahimta. A ranar 13 ga Mayu, 1981, wani Baturke mai suna Mehmet Ali Agca ya harbi Fafaroma John Paul na Biyu a Fatikan. Fafaroman ya yafe masa, har ya ziyarce shi a kurkuku a Disambar 1983, amma mutumin ya ci gaba da zaman kurkuku a Italiya har shekarar 2000. A Afirka ta Kudu, hukumar gaskiya da sasantawa da Akbishop Desmond Tutu ya shugabanta bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata ta karɓi takardun neman afuwa fiye da 7,000, waɗanda aka yi wa afuwar kuwa 849 ne, kuma sharaɗin farko shi ne mutum ya fayyace abin da ya aikata. Ashe ke nan wanda ya ce Kiristanci ya soke hukunci bai yi wa Kiristanci adalci ba, balle ya yi wa Musulunci.

INDA HANYA TA RABU

Saɓanin da ke tsakaninmu da su na haƙiƙa yana wani wuri ne, wato a kan yadda Allah Yake gafarta zunubi. Aƙidarsu ita ce 'yan Adam sun gaji zunubin babansu, kuma ba a kankare shi sai da jinin Almasihu a kan gicciye. Mu kuwa Alƙur'ani ya karantar da mu a Suratul Baƙara, aya ta 37, cewa Annabi Adamu (A.S.) ya tuba kuma an karɓi tubansa, ya karantar da mu a Suratul An'am, aya ta 164, cewa babu ran da zai ɗauki nauyin wani, ya kuma kore kisa da gicciyewa daga Annabi Isa (A.S.) a Suratun Nisa'i, aya ta 157. Su kansu ba su haɗu a kan hanyar neman gafarar ba. Katolika suna furta zunubansu a gaban limamin coci, abin da babban taronsu na 1215 ya wajabta aƙalla sau ɗaya a shekara, alhali boren da Martin Luther ya tayar a Jamus a 1517 ya faro ne daga sukar sayar da takardun sassaucin azaba. A Musulunci babu wani mahaluki da ke tsaye tsakanin bawa da Ubangijinsa a ƙofar tuba. Wannan shi ne tauhidin da muke kira zuwa gare shi, ba za mu sassauta a kansa don neman yardar kowa ba, kuma faɗarsa ba cin mutuncin kowa ba ne.

RABON DA SHARI'A TA YI

Abin da Musulunci ya zo da shi a wannan babi shi ne ya raba al'amarin kashi uku, ya ba kowane kashi mai shi, ya hana wani shiga hurumin wani.

Kashi na farko shi ne abin da ke cikin zuciya da makomar bawa a Lahira. Wannan na Allah ne Shi kaɗai. Usama ɗan Zaidu (R.A.) ya kashe wani mutum a fagen yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi, Manzon Allah (S.A.W.) ya tsananta masa zargi, yana tambayarsa ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya gani. Imam Muslim ya ruwaito labarin wanda ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, Allah Ya gafarta wa wanen, Ya ɓata aikin mai rantsuwar. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya jefi ɗan'uwansa da kafirci, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Idan wannan ne maƙwabcinmu Kirista yake nufi da kada a yi hukunci, to babu jayayya tsakaninmu da shi.

Kashi na biyu shi ne aikin da ya bayyana. Wannan Shari'a ta riga ta sanya masa suna, halal ko haram, sunna ko bidi'a, kuma faɗar sunan ba shisshigi ba ne a hurumin Allah, isar da saƙonSa ne. Wanda ya ce riba haramun ce bai tsaga zuciyar mai cin riba ba. Sayyidina Umar (R.A.) ya bayyana, kamar yadda Bukhari ya kawo, cewa wahayi ya yanke, saboda haka za a riƙi mutane ne da abin da ya bayyana na ayyukansu, asirinsu kuwa Allah ne zai yi musu hisabi a kansa. Amma zartar da uƙuba a kan wani mutum ayyananne aikin alƙali ne da hukuma ta naɗa, bayan hujja da shaidu da sauraron wanda ake tuhuma. Dubi yadda aka tsaurara: wanda ya jefi mace kamila da zina bai kawo shaidu 4 ba, shi za a yi wa bulala 80, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 4. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya faɗa wa masu husuma cewa yana hukunci ne gwargwadon abin da ya ji, wanda ya ci haƙƙin ɗan'uwansa da iya baki ya sani yankin wuta ya karɓa.

Kashi na uku shi ne afuwa, ita kuwa ta mai haƙƙi ce. Suratush Shura, aya ta 40, ta halatta ramuwa daidai da cuta, sa'an nan ta ɗora ladan wanda ya yafe kuma ya gyara a kan Allah. Ayar ƙisasi a Suratul Baƙara, ta 178, ita ce kuma ayar rangwame da diyya. Anas (R.A.) ya ba da labari cewa ba a taɓa kawo wa Annabi (S.A.W.) shari'ar ƙisasi ba face ya kwaɗaitar da yafewa. Shi ne ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa da suka jefe shi, ya saki mutanen Makka a shekara ta 8 bayan Hijira alhali suna tafin hannunsa. To amma shi ne kuma ya ƙi karɓar ceton Usama a kan matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, da Safwanu ɗan Umayya ya so ya yafe wa ɓarawon mayafinsa bayan ya kai shi gaban shari'a, an nuna masa cewa lokacin yin haka shi ne kafin a kawo ƙara.

Babu inda kashi ukun suka haɗu kamar ƙissar Misɗahu. Yana cikin waɗanda suka yaɗa ƙazafi a kan Nana A'isha (R.A.), alhali Sayyidina Abubakar (R.A.) ne ke ciyar da shi. An tsayar masa da haddin ƙazafi. Abubakar ya rantse ba zai ƙara ba shi komai ba, sai aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana kiran masu falala zuwa ga yafewa, ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. Misɗahu kuma bai fita daga sahun mutanen Badar ba. Shari'a ta karɓi nata, mai haƙƙi ya yafe nasa, aka bar wa Allah zuciya.

ABIN DA YA SHAFI BAKIN IYAKA

Duk wanda ke zaune a wannan yanki ya san cewa wannan rabo ne ake tattakewa. Ƙungiyar da ake kira Lakurawa, wadda ta kashe mutum 15 a garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie a Nuwambar 2024, kuma Babbar Kotun Tarayya ta ayyana ta a matsayin ƙungiyar ta'addanci a Janairun 2025, ta shahara da kore shanun mutane da sunan zakka da dukan matasa da sunan horo. A tsallaken iyaka, gwamnatin Benin ta ba da sanarwar kashe mata sojoji 54 a Afrilun 2025 a yankin gandun dajin W da ke lardin Alibori. A ƙarshen Oktoban 2025 'yan bindiga suka shiga cikin garin Bagudo suka sace Mataimakin Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kebbi, kafin daga baya ya kuɓuta. Muna faɗa da babbar murya cewa mutumin da ya haɗa wa kansa matsayin mai ƙara da shaida da alƙali da hauni, ba Shari'a yake tsayarwa ba, ko da ya cika bakinsa da ayoyi. Zakka tana da nisabi da masu karɓa da masu cin ta, abin da aka karɓa da bakin bindiga kuwa sunansa fashi.

Haɗari na biyu ya fi kusa da mu, domin a cikin gari yake. Idan tsoro ya yi yawa, zato yakan zama alƙali. A ce wane ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne don an gan shi ya sayi man fetur da yawa, ko don Bafulatani ne, ko don baƙo ne daga tsallake ba ya jin Hausa sosai, kafin a bincika an gama da shi. Suratul Hujurat ta yi umurni da tabbatar da labari a aya ta 6, ta hana yawan zato da bin diddigi a aya ta 12. Mun ga inda barin wannan yake kaiwa. A Mayun 2022 taron jama'a ya kashe wata ɗaliba Kirista a Sakkwato bisa tuhumar ɓatanci, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan. A Yunin 2023 aka kashe wani mahauci Musulmi a wannan birni bisa irin wannan tuhuma. A Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo bisa zaton masu satar mutane ne. Taɓa mutuncin Manzon Allah (S.A.W.) babban laifi ne da babu Musulmin da zai yi wasa da shi, amma girman laifi ba ya mayar da taron kasuwa kotu, kuma Jihar Kebbi tana da kotunan Shari'a. Wanda ya halatta hukuncin titi a garinsu ya sani cewa ɗan'uwansa matafiyi ne a garin wasu.

Haɗari na uku shi ne yin kyauta da haƙƙin wani. Sau da yawa manya sukan taru a kan wanda aka cinye wa gona, ko aka kore wa shanu, ko aka danne wa kuɗin shinkafa, su matsa masa da a bar wa Allah, alhali mai laifin yana zaune bai mayar da ko ƙwaya ba. Wannan ba ita ce afuwar da Alƙur'ani ya yaba ba, domin ayar ta haɗa yafewa da gyara, ayar da ke biye da ita kuma ta ɗauke zargi daga wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi. Malamai sun haɗu a kan cewa tuba daga haƙƙin bawa ba ya cika sai an mayar da abin da aka ƙwace ko an nemi yafewar mai shi, kuma hadisin matsiyacin Ranar Ƙiyama, wanda za a rabe ladansa ga waɗanda ya cuta, ya isa gargaɗi. Hatta ɗan fashin da ya tuba kafin a kama shi, wanda aya ta 34 ta Suratul Ma'ida ta ɗauke masa haddi, haƙƙoƙin mutane suna nan a wuyansa. Jihar Katsina ta yi sulhu da 'yan bindiga a 2016 da 2019, Zamfara ta yi a 2019, kowa kuma ya ga abin da ya biyo baya. Hukuma tana da ikon duba maslaha, amma jinin maraya ba nata ba ne da za ta yafe.

NASIHA GA MASU WA'AZI

Mu masu kira zuwa ga Sunna mu ne aka fi jifa da cewa muna hukunta mutane, saboda haka mu ne muka fi cancanta da kiyaye waɗannan iyakoki. Ba za mu daina kiran bidi'a da sunanta ba, domin umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna shi ne abin da aka fifita wannan al'umma da shi. Amma malamanmu, irin su Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, sun rarrabe tsakanin hukunta aiki da hukunta mai aikin, suka ce na biyun ba ya tabbata sai sharuɗɗa sun cika kuma uzurori, irin su jahilci da kuskure da tilas, sun kau. Wannan ma shi ne gadon ƙasarmu. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda yawon wa'azinsa ya kai shi har Illo, ya yi gargaɗi a gabatarwar littafinsa Ihya'us Sunna game da mayar da raya Sunna hanyar tona asirin mutane da shagaltuwa da aibobinsu, ya kuma yi rubuce-rubuce masu yawa yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya hujjojin ilmin tauhidi irin na malamai ba. Ƙanensa Shehu Abdullahi na Gwandu, wanda Bagudo take cikin masarautarsa, ya wallafa Liya'ul Hukkami domin masu mulki da alƙalai su san ƙa'idar hukunci. Waɗannan bayin Allah sun yaƙi bidi'a fiye da mu, sun kuma fi mu tsoron jinin Musulmi da mutuncinsa.

Saboda haka muna kira ga limamai da masu wa'azi na wannan yanki da su karantar da Suratul Hujurat da Suratun Nur a masallatansu, su sanar da jama'a cewa yaɗa tuhuma a waya ko a majalisa yana iya zama hannu a cikin kisa. Muna kira ga hakimai da dagatai da kwamitocin sulhu da su fara da mayar da haƙƙi kafin su roƙi afuwa, kuma kada su bambanta Musulmi da Kirista, ko ɗan gari da ɗan tsallake, a wajen sauraron ƙara. Muna kira ga hukuma da ta kusanto da tsaro da shari'a ga talaka, domin inda alƙali ya yi nisa nan ne ɗan bindiga yake kafa kotunsa. Muna kira ga matasanmu da su daina fakewa da maganar da ba su san asalinta ba don guje wa nasiha, su kuma daina zagin maƙwabtansu a kan abin da ba su karanta ba. Suratul Mumtahana, aya ta 8, ba ta hana mu kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba.

Ga maƙwabcinmu Kirista kuwa, amsarmu ita ce: yafewar da kake alfahari da ita muna da ita, an kuma yi mana alkawarin lada a kanta, hukuncin da kake zarginmu da shi yana cikin littafin da ke hannunka. Abin da ya rage tsakaninmu shi ne maganar tauhidi, muna kuma gayyatarka zuwa gare ta da hujja da kyakkyawar magana. Hujjar da za ta fi ratsa shi kuwa ita ce ya ga Musulmin da ya bi shi bashi ya yi masa jinkiri, wanda ya samu iko a kansa ya yi masa adalci, wanda aka kawo wa tsegumi a kansa ya ce sai ya bincika.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya zaunar da ƙasar Bagudo da maƙwabtanta lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cikin masu yafe nasu, masu tsare na wasu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.